Yadda Ake Zaɓen Kayan Karatun Jarrabawar Lasin Tuƙin Jirgi na PPL

Lasin PPL shi ne na matuƙi mai zaman kansa, wanda zai tashi da ƙaramin jirgi, ya ɗauki 'yan'uwa ko abokai, amma ba a biyansa ladan tuƙi. Kafin mai gwaji ya zauna kusa da kai a cikin jirgi ya ga hannunka, sai ka ci jarrabawar rubutu tukuna. Na daɗe ina zama da matasa a nan Kaduna muna wannan karatu: masu shirin shiga kwalejin sufurin jiragen sama ta Zariya, wadda aka kafa tun 1964, da masu niyyar kwalejin Ilori, da waɗanda iyaye suka haɗa wa kuɗin Afirka ta Kudu ko Amurka. Yawancin waɗanda suka sha wuya, ko dai littattafai sun yi musu yawa, ko kuma sun karanta na wata ƙasa sun shiga jarrabawar wata. Don haka duk abin da zan faɗa a nan jigonsa ɗaya ne: hukumar da za ta yi maka jarrabawa ita ce za ta zaɓa maka littafi.

Kayan da za ka tanada

Jadawalin darussa na hukumar da za ta ba ka lasin, a buge a takarda. Littafin tushe guda ɗaya, ko jeri ɗaya idan mai juzu'i da yawa ne. Kundin dokokin sufurin sama na ƙasar. Littafin jirgin da za ka koya da shi, wanda matuƙa ke kira POH. Faifan lissafin matuƙa, E6B ko CRP-1. Taswirar jiragen sama, da rular auna mil na ruwa, da ma'aunin kusurwa, da fensir mai tsini. Kalkuleta ta gama-gari wadda ba ta ajiye rubutu. Tarin tambayoyin gwaji guda ɗaya. Littattafan rubutu biyu. Sai waya ko kwamfuta, da fitila mai caji, don kowa ya san halin wutarmu.

Kada ka tashi ka sayo su gaba ɗaya. Ga yadda za ka bi su.

Mataki na 1: Ga likita kafin ka sayi ko da fensir

A Najeriya lasin PPL yana buƙatar shaidar lafiya aji na biyu, kuma likitan da hukuma ta amince da shi ne kaɗai ke bayarwa, takardar asibitin unguwa ba ta aiki. Za a duba gani, da bambance launuka, da ji, da hawan jini, da zuciya. Sanya tabarau ba ya hana mutum tuƙi. Matsalar bambance ja da kore kuwa takan jawo ƙarin gwaji ko takunkumi a kan lasin, kuma mutane da yawa ba su san suna da ita ba sai ranar. Idan burinka ka zama matuƙin kamfani, yi gwajin aji na ɗaya tun yanzu, ka san inda ka tsaya. Shekarun karɓar lasin kuma 17 ne, amma karatu ana iya fara shi kafin nan.

Mataki na 2: Tsayar da hukumarka

Idan a Zariya ko Ilori za ka koya, hukumarka NCAA ce, wato hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya, kuma sharuɗɗan lasin suna cikin kashi na biyu na dokokinta, bugun 2023. Sauke shi daga shafin hukumar, ka karanta sashen PPL da idonka: darussa, makin ci, tsawon lokacin da sakamako ke aiki, da ƙa'idar maimaitawa.

Idan Amurka ce, hukumar FAA takarda ɗaya take yi, mai tambayoyi 60, ana ci da kashi 70 cikin 100. Ba a barinka ka zauna sai da sa hannun malami ko shaidar kammala kwas, kuma sakamakon yana aiki wata 24. A Ingila da ƙasashen Turai darussa tara ne, kowanne sai ka sami kashi 75. Afirka ta Kudu ma darasi-darasi take yi, da kashi 75.

Littafin da ba na hukumarka ba kamar motar da ke lodi a tashar Kawo ne: lafiyarta ƙalau, direban ma gwani ne, sai dai ba garinku za ta ba.

Idan har yanzu ba ka tsayar da makaranta ba, kada ka zauna jiran tsammani. Fara da darussan da ba ruwansu da iyakar ƙasa, wato yadda jirgi ke tashi, da inji, da lafiyar matuƙi. Ka ajiye dokoki da maganar rediyo sai ka san inda ka nufa. Wanda kuma zai karɓo lasin a waje ya dawo gida, ya sani dokokin Najeriya suna nan suna jiransa ranar da zai mayar da lasin na gida.

Mataki na 3: Buga jadawalin darussa, ka manna shi a bango

Ƙungiyar sufurin jiragen sama ta duniya, ICAO, wadda ta samo asali daga yarjejeniyar Chicago ta 1944, ita ta shimfiɗa fannonin da kowace ƙasa ke ɗorawa a kai: dokokin sama, sanin jirgi da injinsa, ƙarfin jirgi da lodi da tsara tafiya, jikin matuƙi da hankalinsa, yanayi, neman hanya, ƙa'idojin aiki, yadda jirgi ke tashi, da maganar rediyo. Karɓi cikakken jadawalin daga makarantarka. Da shi za ka auna duk littafin da aka miƙo maka: ɗauki batutuwa goma daga wurare dabam-dabam a jadawalin, ka nemo su a littafin. Idan uku sun ɓata, mayar wa mai shi.

Mataki na 4: Zaɓi littafin tushe guda ɗaya

Ga mai zuwa Amurka abin ya zo da sauƙi. FAA tana ba da littattafanta kyauta a shafinta, kuma babban cikinsu, Pilot's Handbook of Aeronautical Knowledge, an sabunta shi a 2023. Kamfanoni irin su Jeppesen da ASA da Gleim suna sayar da nasu, wasu sun fi daɗin karatu, amma daga na hukumar duk suka ɗebo. Ga mai bin tsarin Ingila, jerin littattafan Pooleys ne suka fi yawo a hannun ɗalibai. Ga mai rubuta ta Najeriya, fara da takardun da makarantarka ta raba, sannan ka tallafa da littafi mai tsarin Ingila. Ra'ayina ke nan, domin ma'aunansu irin namu ne.

Gwaji uku nake yi wa littafi kafin in ce a saye shi.

Na farko, buɗe babin yanayi ka duba lambar nauyin iska. Idan ka ga 29.92, littafin Amurka ne, da inci suke awo. Idan ka ga 1013, hektofaskal ne, irin wanda hasumiyar filin jirgin Kaduna za ta karanto maka. Lambobin biyu abu ɗaya suke nufi, amma ɗalibin da ya saba da ɗaya yakan daburce idan ɗayar ta fito masa agogo na tafiya. Haka nisan gani: Amurkawa da mil suke faɗa, mu da mita.

Na biyu, duba shekarar bugu.

Na uku shi ne wanda na fi dogara da shi. Buɗe inda ake bayanin sitol, wato lokacin da fiffike ya daina ɗaukar jirgi. Littafin kirki zai gaya maka cewa abin yana faruwa ne idan kusurwar da fiffike ke karo da iska ta wuce iyaka, wajen digiri 15 ko 16 a ƙananan jirage, kuma yana iya faruwa a kowane gudu, musamman a kwana mai tsanani. Zai zana maka hoto, ya nuna yadda iska ke rabuwa da bayan fiffiken. Littafin da ya ce kawai "kada gudunka ya yi ƙasa da kaza" ya wuce, haddar amsa yake koyarwa, kuma haka zai yi maka a sauran babukan.

Idan kuɗi sun yi kaɗan, tsohon littafin da wani ya gama da shi ya wadatar a fannin inji da fiffike da lissafin hanya, waɗannan ba su canzawa. A fannin dokoki kuwa araha ba ta ado, sai sabo. Ko mai rubuta ta Najeriya yana iya cin moriyar littafin FAA na kyauta a babukan inji da fiffike da lafiyar matuƙi, muddin zai tsallake babukan dokoki da rabe-raben sararin sama.

Wani abu da nake yawan gani: ɗalibi ya tara littattafai huɗu, ya karanta babi uku na farko a kowanne, bai kai ƙarshen ko ɗaya ba. Na biyu ana buɗe shi ne kawai idan wani bayani ya ƙi shiga a na farko.

Mataki na 5: Dokoki, daga bakin mai su

A nan ne littafin waje ya fi cutarwa, domin amsar da yake bayarwa daidai ce a ƙasarsa. A Amurka, sai jirgi ya kai ƙafa 18,000 ake mayar da agogon tsayi kan awon bai-ɗaya, wato 29.92 ɗin nan. A ƙasashe da yawa tsayin ya yi ƙasa da haka nesa ba kusa ba, kuma yakan bambanta daga fili zuwa fili. Lambar 1200 da matuƙan Amurka ke sakawa a na'urar da ke nuna jirgi a rada, ita ma tasu ce. Amma 7500 ta fashin jirgi, da 7600 ta mutuwar rediyo, da 7700 ta gaggawa, da mitar rediyo ta neman agaji 121.5, waɗannan ko'ina ɗaya ne.

Saboda haka ka karanta dokokin NCAA kai tsaye, ko da Turancinsu ya bushe. Ka haɗa da kundin bayanan filaye da hanyoyin sama, AIP, wanda NAMA, hukumar kula da sararin samaniyar Najeriya, ke fitarwa. Makarantu suna ajiye shi a ɗakin tsara tafiya, ka roƙi malami ya nuna maka shafin Kaduna da na Zariya. Littafin rubutunka na farko na wannan darasi ne: duk wata lamba ta doka, rubuta ta tare da lambar sashen da ka samo ta.

Mataki na 6: Yanayi yana buƙatar ƙari

Littattafan Turai da Amurka sun cika shafuka da dusar ƙanƙara da karon iska mai sanyi da mai ɗumi. Karanta su, suna fitowa a jarrabawa. Sai dai sararin da za ka tashi a cikinsa na Kaduna ne, kuma abin da ke juya yanayinmu shi ne layin da busasshiyar iskar arewa maso gabas ke haɗuwa da iska mai danshi daga teku, wanda masana ke kira ITD. Idan ya hauro arewa ya wuce mu, damina ta zo. Idan ya koma kudu, sai hunturu da hazo. A farkon damina da ƙarshenta kuma akwai jerin hadari mai tafe da guguwa daga gabas, wanda ƙaramin jirgi ba ya wasa da shi. Nemi takardun malaman makarantarka a kan wannan, da bayanan hukumar hasashen yanayi ta ƙasa, NiMet, domin littafin da ka sayo daga waje da ƙyar zai ba shi shafi biyu.

Rahoton yanayi na filin jirgi, METAR, shi ne kayan karatun da ba ya cin ko sisi. Lambar filin Kaduna DNKA ce, Zariya DNZA, Kano DNKN, Abuja DNAA. Ga misalin irin wanda za ka iya gani da hunturu:

DNKA 151000Z 07012KT 1500 HZ NSC 24/02 Q1016

Ranar 15 ga wata ke nan, ƙarfe 10 agogon duniya, wato 11 na safe a Kaduna, don muna gaba da awa ɗaya. Iska tana busowa daga digiri 070 da gudun not 12, wato mil 12 na ruwa a awa. Ido ba ya wuce mita 1,500 saboda hazo. Babu gajimaren da zai dami kowa. Zafi digiri 24, raɓa ba za ta sauka ba sai an kai digiri 2, ka ga bushewar iska ke nan. Nauyin iska 1016. Kullum da safe ka buɗo rahoton fili ɗaya ka fassara shi, sannan ka leƙa waje ka gwada da abin da idonka ya gani. Mazauna Mando da Rigasa sun fi kowa morewa, kusan sararinsu ake aunawa.

Gargaɗi biyu. Kada ka tsallake babin ƙanƙarar kafireto don kana ƙasar zafi: iska tana yin sanyi sosai a maƙogwaron kafireto, har ƙanƙara ta taru ko da zafin waje ya kai digiri 25 ko fiye, muddin akwai danshi, kuma watan Agusta a Kaduna danshi ba ya yankewa. Sannan mai tafiya Afirka ta Kudu ya kula, can kudu da ikwaita ne: juyin iska a kewayen yankin da nauyinta ya faɗi, da kurakuran kamfas a kwana, duk akasin abin da littafin Ingila ya koya masa ne. Ya sayi littafin can.

Mataki na 7: Faifan lissafi, taswira da littafin jirgi

Tambayi makaranta abin da ake bari a shiga da shi ɗakin jarrabawa kafin ka saya. Akwai na lantarki, irin CX-3, akwai kuma faifan juyawa. Ko an yarda da na lantarki, ina son ɗalibi ya fara da faifan, don yana nuna maka yadda iska ke ture jirgi a zane, kuma batirinsa ba ya mutuwa. E6B ya dace da littattafan Amurka, CRP-1 da na Ingila. Sayi wanda littafinka ke koyarwa da shi. Idan bai iso ba tukuna, ana samun zanensa a intanet, a buga a kwali, a yanka, a haɗa da ƙusa a tsakiya. Zai riƙe ka na ɗan lokaci.

Taswira ta zama ta asali, mai ma'aunin 1:500,000 idan ta samu. Kada ka yarda da hotokofi. Injin yakan rage girma kaɗan ba tare da ka lura ba, rularka ta riƙa ba ka nisan ƙarya, ga launukan da ke bambance tsaunuka da sararin da aka killace duk sun koma toka-toka. Idan dole sai ka buga, a buga da launi, a cikakken girma, sannan ka ɗora rula a kan layin da ya miƙe daga kudu zuwa arewa: minti ɗaya na latitud mil ɗaya ne na ruwa, mita 1,852. Idan bai zo daidai ba, takardar ta tashi aiki.

Gwada kayanka da hanyar gida. Daga filin Kaduna zuwa na Kano wajen mil 108 ne na ruwa, ana fuskantar arewa maso gabas. Jirgi mai gudun not 105, idan babu iska, zai yi minti 62. Da hunturu, iskar not 15 tana dukan hancinsa, gudunsa a ƙasa ya koma 90, tafiyar ta zama minti 72. Minti goman nan mai ne, kuma a kansa ake gina tambaya.

Ga wani. Filin Kaduna yana kan tudu kimanin ƙafa 2,000. A ma'aunin bai-ɗaya zafi digiri 15 ne a gaɓar teku, yana raguwa da kusan digiri 2 a kowace ƙafa 1,000, don haka kamata ya yi a sami 11 a nan. Da rana a watan Afrilu sai ka ga 37. Bambancin 26 ne, ka ninka da ƙafa 120, don kowane digiri na ƙarin zafi kamar ƙarin tsayin ƙafa 120 ne, ka sami 3,120. Jirgin yana kan titi a Kaduna, amma inji da farfela da fiffike suna aiki kamar suna ƙafa 5,100 da 'yan kai. Zai ci titi mai tsawo kafin ya ɗaga, hawansa kuma ya yi nauyi. Yanzu buɗe littafin jirginka ka nemo jadawalin nisan tashi, ka karanta amsar a can. Idan makaranta ba ta ba ka nata ba tukuna, na Cessna 172 ya isa koyon karanta jadawali, amma kada ka haddace lambobinsa a matsayin na jirginka. Ko man ma ba ɗaya ba ne: wasu suna shan 100LL mai launin shuɗi, wasu irin Diamond DA40 NG kuma Jet A-1 suke sha.

Ka lura da galan. Na Amurka lita 3.785 ne, na Ingila lita 4.546. Ɗalibai da yawa sun yi lissafi tsaf, galan ya kayar da su.

Mataki na 8: Tambayoyin gwaji su zo a baya

Sai ka gama babi ka taɓa tambayoyinsa. Zaɓi tarin da aka tsara don hukumarka da matakin PPL, wanda ke bayyana dalilin kowace amsa, kuma ake sabunta shi. Tarin da ya ce "amsa B ce" ya yi shiru, ba shi da amfani.

Fayilolin da ke yawo a WhatsApp da sunan tambayoyin da suka fito, ka yi hattara da su. Ba a san wanda ya haɗa su ba, wasu amsoshin kuskure ne, wasu na tsohuwar doka, wasu ma na matakin matuƙan manyan jirage ne aka cakuɗa. Wanda ya haddace su, da an juya lamba ɗaya a tambaya ya rikice. Duk amsar da ka yi shakka, koma littafin tushe ko kundin doka.

Littafin rubutu na biyu na kurakurai ne. Duk tambayar da ka faɗi, rubuta batun da abin da ya kayar da kai: rashin sani ne, ko gaggawa, ko ma'auni, ko wata kalmar Turanci. Bayan mako biyu za ka ga inda rauninka ya taru, kuma shi zai gaya maka ko akwai buƙatar sayen wani abu ƙari.

Mataki na 9: Bidiyo da rediyo

Kwasa-kwasan bidiyo irin na Sporty's da King Schools an gina su ne a kan jarrabawar Amurka. Ga mai zuwa can sun cancanci kuɗinsu, ga saura kuwa bidiyon kyauta da ke nuna cikin inji da motsin agogunan jirgi ya isa. Sauke su lokacin da data ke araha, ka kalla da biro a hannu.

Maganar rediyo da baki ake koyonta. Haddace haruffan Alfa, Bravo, Charlie har Zulu, ka riƙa karanta lambar duk motar da ta wuce ka a titin Ahmadu Bello da su. Samu abokin karatu, shi ya zama hasumiya kai matuƙi, gobe ku sauya. Littafin rediyon ya zama mai bin lafazin ICAO idan a gida za ka rubuta, don Amurkawa suna da nasu salon. Ana kuma gwada Turancin matuƙi a kan matakai shida, na huɗu ne mafi ƙarancin abin da ake karɓa. Idan Turancinka na karatu ya fi na ji ƙarfi, saurari muryoyin hasumiya da ake samu a intanet, kana rubuta abin da ka kama.

Mataki na 10: Auna kanka kafin ka biya kuɗin rajista

Zauna a teburi, ka kashe waya, ka saita agogo, ka ajiye kayan da aka yarda da su kaɗai. Yi cikakkiyar jarrabawar gwaji da tambayoyin da ba ka taɓa gani ba. Ni ba na sallamar ɗalibi sai ya riƙa samun kashi 85 zuwa sama, sau uku a jere, domin ɗakin jarrabawa yakan zaftare wa mutum maki. Idan makin ya tsaya wuri ɗaya ya ƙi motsi, kada ka sayi sabon tarin tambayoyi. Buɗe littafin kurakuranka, ka ɗauki batutuwa uku da suka fi maimaituwa, ka kai wa malami.

Sannan ka daidaita ranar da lokacin tashinka. Sakamakon rubutu yana da wa'adi, ga shi hazon Disamba da Janairu yakan zaunar da ƙananan jirage kwanaki a jere, kuma sai ka tara aƙalla awa 40 a sama kafin gwajin hannu. Tambayi makaranta yaushe suke sa ran kai ka wannan gwaji, ka ƙirgo baya, sannan ka sa ranar rubutu.